Neman kalmar Hausa: me za mu kira "canon" a ƙagaggun labaran kimiyya?

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa masu kishin harshe. Na kawo gabanku wata kalma da ta daɗe tana tsaya mini a rubutu, kuma ina so mu tsayar da magana a kanta, domin na lura kowane marubuci yana fassara ta yadda ta zo masa, har mutum ɗaya kan kira ta da suna biyu a shafi guda. Kalmar ita ce "canon", a ma'anar da masoya finafinai da littattafan ƙagaggun labaran kimiyya suke nufi da ita, wato rukunin labaran da mai haƙƙin mallaka ya yarda cewa su ne suka faru a cikin duniyar da aka ƙaga. Sauran kuwa, ko da an buga su an sayar, ba su shiga lissafi.

Tushen kalmar Girkanci ne, inda take nufin sandar awo. Malaman coci suka sa wa jerin littattafan da aka amince suna cikin Littafi Mai Tsarki wannan suna, daga baya masoya labaran Sherlock Holmes, ƙagaggen mai binciken laifuka, suka are ta domin su ware gajerun labarai 56 da littattafai 4 da Arthur Conan Doyle ya rubuta da hannunsa daga waɗanda wasu suka rubuta a kan jarumin nasa. A nan babu gardama, tunda marubucin ɗaya ne. Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da labari ya zama dukiyar kamfani, wadda ake iya sayarwa kamar gona, kuma a kan wannan nake so mu auna duk kalmar da za mu zaɓa.

Misalin da ya fi kowanne bayyana abin shi ne na Star Wars, jerin finafinan yaƙe-yaƙe a sararin samaniya. Tun bayan fim na farko a 1977, kamfanin Lucasfilm ya riƙa ba marubuta izinin ci gaba da labarin a littattafai da mujallun zane da wasannin kwamfuta, har suka yi yawan da sai da aka sa ma'aikaci, Leland Chee, ya riƙe rumbun bayanai mai suna Holocron, inda aka jera labaran hawa-hawa: abin da ya fito daga George Lucas, wanda ya ƙaga Star Wars, yana sama, littattafan da aka ba izini suna ƙasa da shi, can ƙarshe kuma akwai waɗanda ba a lissafa su sam. A watan Oktoba na 2012 kamfanin Disney ya ƙulla yarjejeniyar sayen Lucasfilm a kan kimanin dala biliyan 4, aka kuma kafa kwamitin da zai kula da daidaiton labari. Ranar 25 ga Afrilu, 2014, kamfanin ya sanar cewa finafinai shida na farko da shirin talabijin na The Clone Wars ne kawai suka tsaya daga cikin tsofaffin ayyuka, abin da aka rubuta na sama da shekara 30 kuma aka tattara shi ƙarƙashin sunan Legends. An rushe matakan nan, aka ce duk abin da zai fito daga lokacin darajarsa ɗaya, fim ne ko littafi.

Ku dubi abin da wannan ya haifar ga mai karatu. Wani littafi na 1999 ya kashe Chewbacca, ɗaya daga cikin jaruman labarin, masu karatu suka yi juyayinsa, suka rayu shekara 15 da sanin cewa ya mutu. A sabon fim ɗin Star Wars na 2015 sai ga shi da ransa, a wani zamani na labarin da bisa lissafin littafin ya riga ya daɗe a kabari. A tsofaffin littattafai Han da Leia, biyu daga cikin manyan jaruman labarin, sun haifi 'ya'ya uku, a sababbin finafinai kuwa ɗa ɗaya gare su, mai wani suna dabam. Ba a canza harafi ɗaya a cikin tsofaffin littattafan ba. Abin da ya canza shi ne hannun da ke da ikon cewa "wannan ya faru".

Da wannan awo na bi kalmomin da na ga ana amfani da su. Aron kalmar kai tsaye, mu rubuta "kanon", shi ne mafi sauƙi, amma Hausa ba ta bar mana wannan hanya ba, domin idon Bahaushe da ya ga "kanon Star Wars" zai karanta shi yadda yake karanta "Kanon Dabo", sai ya tsaya ya sake dubawa, ga kuma kamfanin kyamara mai irin sunan. "Asali" ma na ajiye ta da wuri. Akwai littafin Star Wars da ya fito tun 1978, kafin fim na biyu na 1980, kuma yau ba ya cikin lissafi, alhali fim ɗin 2015 da Lucas bai ba da umarninsa ba yana ciki. Ke nan tsufa ko kusanci da wanda ya ƙaga labarin ba su ne ma'auni ba.

Kalmomin da suka fi jan hankalin mutane su ne "ingantacce" da "sahihi", kuma a kansu na fi daɗewa ina tunani, domin su ne suka fi daɗi a baki. "Ingantacce" tana yanke hukunci a kan kyau, tana nuna cewa abin da ke waje gurɓatacce ne, kuma wannan zalunci ne ga marubutan da suka yi aiki mai kyau da izinin kamfani. Littafin Timothy Zahn na 1991, wanda ya farfaɗo da Star Wars a lokacin da aka yi shekara 8 babu sabon fim, bai rasa ingancinsa ranar da aka fitar da sanarwar 2014 ba. "Sahihi" kuwa kalma ce da kunnenmu ya saba ji a karatun hadisi, inda ake kai wa ga hukunci ta hanyar bin diddigin maruwaita, kuma abin da ya tabbata sahihi ba ya komawa mai rauni don an yi ciniki. Ban ga dacewar ɗora wannan nauyi a kan labarin da kowa ya san ƙage ne ba, kuma ko an kawar da wannan, ma'anar ta saɓa.

Wani ɗan uwa mai aikin fassara ya ba ni shawarar "na hukuma", wata malama kuma ta ce "karɓaɓɓe". Ta farko ta kusa, sai dai littattafan Legends har yau kamfanin ne ke ba da izinin buga su, suna ɗauke da tambarinsa, ana sayar da su a kasuwa da yardarsa, don haka su ma na hukuma ne. Ta biyu kuma tana barin tambayar wa ya karɓa, kuma Bahaushe zai ɗauka jama'a ake nufi, alhali akwai labaran da jama'a suka rungume da hannu biyu kamfani ya cire su daga lissafi, akwai kuma waɗanda jama'a suka yi ta ƙorafi a kansu suna nan daram a ciki.

Abin da nake gabatarwa shi ne "mai hatimi". Labari mai hatimi, labari marar hatimi. Mun san hatimi tun a wasiƙun sarakuna da takardun alƙalai, mun kuma san abubuwa uku game da shi: ba ya ƙara wa rubutu kyau ko gaskiya, shaida ce kawai cewa mai iko ya tsaya a bayan takardar, yana hannun mutum ɗaya ko ofishi ɗaya, kuma idan kujera ta canza hannu, hatimin yana bin sabon mai ita. Wannan shi ne ainihin abin da ya faru a 2012. Disney ya sayi hatimin, a 2014 ya janye shi daga kan ɗaruruwan littattafai da mujallu. Kalmar tana kuma ba mu bambancin da "na hukuma" ta kasa bayarwa, domin muna iya cewa littattafan Legends suna da tambarin kamfani amma ba su da hatimi, kuma mai karatu zai gane ba tare da dogon bayani ba.

Abin da ya ƙara kwantar mini da hankali shi ne yadda take shiga jimla. Za mu ce an buga wa labari hatimi, an janye masa hatimi, an mayar masa da hatimi. Na ukun nan muna buƙatarsa, domin yana faruwa: Thrawn, babban kwamandan da Zahn ya ƙaga a 1991, ya fita daga lissafi a 2014, aka dawo da shi a shirin talabijin na Star Wars Rebels a 2016, sannan Zahn da kansa ya rubuta masa sabon littafi a 2017. Da kalmarmu za mu ce an mayar wa Thrawn hatimi amma ba a mayar wa tsofaffin littattafansa ba, kuma wannan daidai ne da abin da ya faru. Ku gwada faɗin haka da "sahihi" ku ji yadda za ta fito. Kwamitin da ke kula da labari kuma sai mu kira su masu riƙe da hatimi.

Na san za a ce hatimi yana da wata ma'ana, ta zanen gidaje da malaman tsibbu ke yi. Gaskiya ne, amma ma'anar shaidar ofishi ita ce wadda mai karanta jarida ke haɗuwa da ita kullum, kuma babu wanda zai ji "fim mai hatimi" ya tafi can. Na kuma gwada ƙago "hatimtacce" don a sami kalma ɗaya, na ga tana da nauyi a harshe, na bar ta.

Inda ban gama gamsuwa ba shi ne sunan tarin gaba ɗaya, kamar idan ana so a ce wani labari ya shiga cikin rukunin ko ya fita. A yanzu ina rubuta "kundin hatimi", ina cewa kundin hatimin Star Wars ya koma finafinai shida da shiri ɗaya a 2014, sannan ya sake faɗaɗa. Tana aiki, amma ina jin tsoron kada a fahimce ta a matsayin littafin da ake tara hatimai a ciki. Malamai, idan "kundi mai hatimi" ta fi zama a kunnenku, ko kuna da wadda ta fi su duka, ku faɗa mini kafin in sa ta a rubutun da nake shiryawa.