Agogon Rolex zai iya tsayawa jingina a kan rancen miliyan uku?

Ɗan Zango ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar agogo da harkar jingina. Sana'ata sayen riɗi da wake a nan Damagaram, kuma wani abokin ciniki da muka daɗe muna hulɗa ya nemi in ranta masa sefa miliyan uku na tsawon wata huɗu, domin kayansa sun maƙale a hanya, masu binsa bashi kuma sun matsa masa. Abin da ya kawo jingina shi ne agogon Rolex samfurin Datejust, mai haɗin ƙarfe da zinariya, wanda ya ce mahaifinsa ya sayo a Jidda shekarar da ya sauke farali. Babu kwali, babu takarda. Ya nuna mini a waya cewa a shafukan Turai ana sa wa irinsa kuɗi wajen yuro 5,000, wato sama da sefa miliyan uku da jika ɗari biyu. Ba na zarginsa da ƙarya, amma kuɗin nan jarina ne, ga shi kaka tana tafe. Idan ya kasa biya, agogon zai fitar da ni? Idan kuma ba zai fitar ba, nawa ya dace in bayar a kansa?

Mai Gyaran Agogo, Kasuwar Dole:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin a yi maganar kuɗi, sai an tabbatar agogon na asali ne, kuma wannan ba aikin ido ba ne. A da muna gane jabu da hannun daƙiƙa: na batir yana tsalle ɗaya-ɗaya, na Rolex kuwa yana tafiya sumul domin injinsa yana bugawa sau takwas a daƙiƙa guda. Muna kuma duba ɗan tudun gilashin da ke kan kwanan wata, wanda a na asali yake ƙara girman lamba ninki biyu da rabi. Masu yin jabu na yanzu sun kwaikwayi duk wannan, har da nauyi, saboda haka babu makawa sai an buɗe bayan agogon da makullinsa na musamman an ga injin. Idan Datejust ne na ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 2000, injin da ake sa ran gani shi ne mai lamba 3135, wanda kamfanin ya fito da shi a 1988. A cire sarƙar kuma, domin a tsofaffin agogon lambar samfuri tana tsakanin ƙafafun da suke riƙe sarƙar ta wajen ƙarfe goma sha biyu, lambar agogon kansa kuma tana wajen ƙarfe shida.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba jabu tsantsa ba ne, agogon da aka yi wa gyare-gyare ne. Agogon da ya shekara talatin a ƙasar nan ya sha ƙurar hunturu, kuma da wuya a ce bai taɓa shiga hannun mai gyara ba. Sau da yawa jikin na asali ne, amma an canza fuska, ko gilashi, ko an sa wa injin kayan da ba nasa ba, ko an goge jikin har kaifin gefensa ya tafi. Mai shi yana iya rantsuwa cewa na asali ne kuma gaskiya ya faɗa, amma kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana zubar da farashi a wurin mai saye da ya san kan abin.

Ɗalibi daga Garin Malam:

Baba, ni a ganina ka karɓa, matuƙar an tabbatar na asali ne. Rolex ba kamar waya ko mota ba ne da suke faɗuwa daga ranar da aka saya. A watan Oktoba na 2017 an sayar da Rolex samfurin Daytona na ɗan wasan fim na Amurka Paul Newman a gwanjo a New York a kan dala miliyan 17.8, kuma tun ƙarshen 2022 kamfanin da kansa ya shiga harkar sayar da na hannu tare da takardar shaidarsa. Ga shi sefarmu tana ɗaure da yuro a kan kusan sefa 656 kowane yuro ɗaya, don haka farashin Turai ba ya rikicewa idan an juya shi zuwa kuɗinmu.

Hajiya Mai Zinariya, Birni:

Ɗana, abin da ka kawo gaskiya ne, amma ba shi ne amsar tambayar Alhaji ba. Agogon Paul Newman sunan mai shi aka saya. Datejust kuwa tun 1945 ake ƙera shi, kuma yana cikin waɗanda suka fi yawa a kasuwar na hannu, don haka mai saye ba ya rasa zaɓi. Ko waɗanda ake rububinsu, irin su Daytona da Nautilus na Patek Philippe da Royal Oak na Audemars Piguet, farashinsu ya hau matuƙa har zuwa farkon 2022, daga nan ya yi ta sauka fiye da shekara biyu. Wanda ya karɓi agogo jingina a kan farashin wancan lokaci ya ji a jikinsa.

Alhaji, darajar abin jingina ita ce kuɗin da wani zai ƙirga maka a hannu cikin mako guda a ranar da ka matsu, ba kuɗin da aka rubuta a intanet ba. Lambar da aka nuna maka farashin da mai sayarwa yake nema ne, a ƙasar da ake da masu saye da yawa, kuma a cikinsa akwai ribar dillali da kuɗin gyara da garantin da zai bai wa mai saye. Shi dillalin ba haka ya saya ba. To ka tambayi kanka, wa zai ba ka miliyan uku a kan tsohon agogo maras takarda a Damagaram? Masu irin wannan kuɗi a garin nan ƙirgaggu ne, mafi yawansu kuma sun fi son su sayo nasu a Dubai da hannunsu. Ƙarshenta sai ka kai shi Yamai, ko Kano, ko Legas, ko ka ba wani mai tafiya Dubai, kuma kowace hanya tana da kuɗin mota da la'ada da kasada. Idan a Najeriya ka sayar, naira za a ba ka, sai ka sake bi ta wurin ƴan canji, kowa kuma ya ga yadda naira ta faɗi daga tsakiyar 2023. Kada a manta iyakar Nijar da Najeriya ma an rufe ta daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Wanda yake riƙe da agogo a watannin nan yana jiran ya kai Kano, jarinsa ya kwanta.

Wannan ne ya sa mu mata muka fi yarda da zinariya. Sarƙa ko awarwaro ana ɗora su a sikeli, a duba farashin giram na ranar, maƙeri ya biya kafin la'asar. Agogo mai haɗi kuwa zinariyarsa mai karat 18 ce, amma kaɗan ce: zoben fuska, da maɓallin gefe da ake murɗawa, da tsakiyar sarƙa, wadda a tsofaffin ma ba cikakkiya ba ce, akwai rami a cikinta. Idan sunan Rolex bai sayar da shi ba, nauyin zinariyar ba zai kai ka ko'ina ba. Gidan jingina na birnin Paris, wanda asalinsa yake komawa 1637, ga ƙwararrun masu kimantawa ga ɗakin gwanjo nasa, duk da haka ba ya ba da cikakken kuɗin kaya; abin da yake rantawa bai cika wuce rabi zuwa kashi 70 cikin ɗari na abin da yake ganin kayan za su yi a gwanjo ba. Kai da ba ka da ko ɗaya daga cikin waɗannan, a ganina kada ka haura rabin abin da dillali ya taya da bakinsa.

Malam na Sabon Gari:

Allah ya saka wa Hajiya da alheri. Jingina halal ce, tana cikin aya ta 283 ta Suratul Baƙara, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya jinginar da sulkensa a kan abincin iyalinsa. Sai dai akwai abubuwan da ake yawan kuskurewa. Ba ya halatta ka ɗaura agogon a hannunka ko da na zuwa Juma'a ne, domin rancen da ya jawo wa mai bayarwa amfani riba ce. Ba ya halatta kuma a yi sharaɗin cewa idan wa'adi ya cika bai biya ba agogon ya zama naka. Hadisin da ya hana haka yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Abin da ake yi shi ne a sayar, ka ɗauki haƙƙinka, ka mayar masa da rara, idan kuma kuɗin bai kai ba sauran yana nan a wuyansa. Ka sani kuma a mazhabarmu ta Malikiyya, kayan da ake iya ɓoyewa irin su ado da tufafi, idan suka ɓata a hannun mai riƙon jingina shi zai biya, sai in ya kawo shaidun cewa ba sakacinsa ba ne. Agogo yana cikin wannan rukuni, don haka ka yi tunanin inda za ka ajiye shi, ko ku amince da wani amintacce ya riƙe muku.

Magatakarda:

Ta fuskar doka, Nijar tana cikin ƙasashen OHADA, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokokin kasuwanci na bai ɗaya, kuma dokar lamuni da aka sabunta a Lome a watan Disamba na 2010 ta ce yarjejeniyar jingina sai a rubuce, tare da bayyana bashin da kuma irin kayan da yawansu, in ba haka ba ba ta da inganci. A rubuta lambar samfuri da lambar agogon, a ɗauki hotonsa ciki da waje a gaban ku biyu ranar da aka buɗe shi, domin kada gobe a ce an musanya inji. Tun da kuma ya ce na mahaifinsa ne, a tambaya ko an raba gado agogon ya faɗo a rabonsa, kada sauran magada su taso daga baya.

Ɗan Zango ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Maganar gado na tambaye shi, ya ce an raba, kuma yayansa zai sa hannu a matsayin shaida. Mun shirya ranar Alhamis za a buɗe agogon a gabanmu, sannan a tura hotuna ga dillalai biyu, ɗaya a Kano ɗaya a Dubai, a ji abin da kowanne zai biya nan take. Na gaya masa rabin tayin da ya fi ƙanƙanta zan bayar a kan agogon, sauran kuma sai ya ƙaro wata jingina ko ya kawo mai tsaya masa. Malam Mai Gyara, idan kana da makullin buɗe bayan Datejust, ka sanar da ni lokacin da za mu same ka a rumfa.