An hana ni bizar aikin jinya ta Birtaniya alhali makina sun cika, ina neman shawara

Maman Sadiƙ:

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekara bakwai ke nan ina aiki a ɗakin da ake kwantar da waɗanda aka yi wa tiyata, kuma na kusa shekara biyu ina shirin tafiya aiki Birtaniya. Na ci jarrabawar Turanci ta OET a zama na biyu, na ci ta kwamfuta wadda hukumar rajistar ma'aikatan jinya ta can, wato NMC, take buƙata, sannan wani asibiti a arewacin Ingila ya tattauna da ni ta bidiyo, ya ba ni aiki, ya kuma fitar mini da takardar ɗaukar nauyi da ake kira CoS. Gwajin tarin fuka da takardar 'yan sanda duk na haɗa su. A fahimtata, maki 70 ake nema kafin a ba da bizar: 20 na samun aiki wurin wanda gwamnati ta ba lasisi, 20 na matakin ƙwarewar aikin, 10 na Turanci, sai 20 na albashi, kuma ba ni da giɓi a ko ɗaya.

Ranar Talatar da ta wuce ina tsakiyar aikin dare saƙon ofishin bizar Birtaniya ya shigo wayata, na tsaya a bakin ɗakin magani na karanta shi har sau uku kafin na gane cewa sun ƙi. Dalilin da suka kawo bai shafi maki ba. Sun ce ban nuna cewa na riƙe kwatankwacin fam 1,270 a asusuna kwana 28 a jere ba. Gaskiya ne a cikin kwanakin na ciri wani abu na saya wa mahaifiyata magani, na mayar da shi bayan kwana biyu, domin ban taɓa zaton za a bi bayanin asusun rana bayan rana ba. Yanzu wasu na cewa in nemi a sake duba hukuncin, wasu na cewa in cika sabuwar takarda, wani ejan kuma ya ce zai iya "gyara" mini bayanin asusun. Don Allah waɗanda suka san kan abin su taimaka mini da shawara.

Anti Nas:

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da wannan jarrabawa, Allah ya sa hakan ne mafi alheri. Shekara huɗu ke nan ina aiki a wani asibitin NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnatin Birtaniya, kuma na ga irin wannan a wurin abokan aiki fiye da sau ɗaya. Abin da yawancinmu ba mu gane ba tun farko shi ne, maki 70 ɗin ba su ne dukkan sharuɗɗan ba. Akwai waɗanda ba a ba su maki ko kaɗan, amma rashin ɗaya daga cikinsu ya isa a ƙi takarda, kuma kuɗin riƙe kai yana cikinsu. Jami'in da ke dubawa yana neman adadi mafi ƙanƙanta da asusun ya sauka a cikin kwana 28 ɗin ne, ba abin da ke ciki a ranar ƙarshe ba, sannan ranar ƙarshen dole ta faɗo cikin kwana 31 kafin ranar da kika miƙa takarda. Ki kuma lura cewa da canjin ranar miƙa takarda suke juya naira zuwa fam, bisa farashin shafin OANDA, saboda haka wanda ya ajiye daidai wa daida yana iya wayar gari kuɗinsa sun gaza ba tare da ya taɓa ko kwabo ba.

Game da neman a sake dubawa, ni ban ga amfaninsa gare ki ba. Kina da kwana 28 daga ranar da kika samu hukuncin, ana biyan fam 80, amma wannan hanya an tanade ta ne don kuskuren jami'i, kuma galibi ba a karɓar sabuwar hujja. A batunki jami'in bai yi kuskure ba, tunda ke da bakinki kin ce kuɗin sun ragu. Za ki zauna jira watanni ne kawai, gwajin tarin fukarki mai wa'adin wata shida ya ƙare a banza.

Abin da nake ba ki shawara shi ne ki rubuta wa sashen ɗaukar ma'aikata na asibitin yau ɗin nan, ki haɗa musu da wasiƙar ƙin, ki roƙi sabuwar CoS, domin ba a amfani da guda ɗaya sau biyu. Mafi muhimmanci, ki tambaye su ko za su cika gurbin da ke cikin takardar wanda ke cewa sun ɗauki nauyin zamanki na watan farko. Idan suka cika shi, ba za a nemi bayanin asusunki ba sam. Asibitoci da yawa suna yi, wani lokaci mantuwa ce kawai ke sa a bar gurbin fayau. A sabuwar takardar kuma, inda aka tambaya ko an taɓa hana ki biza, ki amsa da eh, ki faɗi dalilin yadda yake.

Malam Abu Hafsat:

Malama, ina goyon bayan duk abin da Anti ta faɗa, amma maganar ejan ce ta hana ni wucewa. Ki nisance shi. Ƙin da aka yi miki yanzu ba ya hana ki sake nema gobe, amma idan Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Birtaniya ta gano takardar bogi, ana iya haramta miki shiga ƙasar har shekara 10, kuma suna iya tuntuɓar banki su tabbatar da abin da aka miƙa musu. Ba zai amfane ki ba ki ce ejan ne ya yi, domin sunanki ne a kan takardar. Bayan haka NMC ma tana duba gaskiyar mai neman rajista. A shekarar 2023 ta soke sakamakon jarrabawar kwamfuta da aka yi a wata cibiya a Ibadan saboda zargin maguɗi, har waɗanda suka ci da guminsu sai da suka sake zama, wasu kuma suka fuskanci bincike alhali sun riga sun fara aiki a Birtaniya. Kafin ki sake biyan kuɗin biza, ki kuma duba jerin masu lasisin ɗaukar nauyi da gwamnati ke wallafawa a shafinta, ki tabbatar sunan asibitin yana nan.

Hajiya Mai Koyar da Jinya:

'Yata, Allah ya warware miki. Ina so in ƙara abu ɗaya da ke bayyana dalilin da ya sa 'yan ƙasarmu ke yawan faɗawa irin wannan rami. Najeriya tana cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu ƙarancin ma'aikatan lafiya, don haka ƙa'idar Birtaniya ta hana asibitocinta zuwa farautar ma'aikata a nan, ko da yake ba ta hana mutum ya nemi aiki da kansa kai tsaye ba. Ma'aikaciyar jinya daga Indiya ko Filifin sau da yawa kamfanin da asibiti ya ɗauka ne ke riƙe hannunta daga jarrabawa har filin jirgi, tamu kuwa ita kaɗai take lalube, shi ya sa dillalai ke samun ƙofa. Ni da na koyar da ɗalibai shekara da shekaru, raina yana ɓaci duk lokacin da na shiga ɗakin masu jinya na tarar da nas ɗaya a kan gadaje talatin, amma ban taɓa ganin laifin wadda ta tafi neman albashin da zai riƙe iyayenta ba. Ki kuma kiyaye kada a ruɗe ki da labaran dokokin masu kula da tsofaffi, waɗanda aka hana tafiya da iyali tun Maris 2024, domin wannan hanin bai hau kan ma'aikatan jinya masu rajista ba.

Maman Sadiƙ:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na toshe lambar ejan ɗin, na kuma rubuta wa asibitin kamar yadda Anti ta ce. Sun amsa da yammacin nan cewa aikin yana nan, za su nemi a fitar da sabuwar CoS, kuma sun tura batun ɗaukar nauyin watan farko ga shugaban sashen. Anti, gwajin tarin fukata saura masa mako bakwai ya ƙare, shin in sake shi tun yanzu ko in jira takardar ta fito tukuna?