Me ya sa masana'antar cip ke shan ruwa haka?

Talatu_K: Assalamu alaikum. Na karanta cewa a farin da aka yi a Taiwan a 2021 har da tankoki kamfanin TSMC, mai ƙera cip (ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke cikin waya da kwamfuta), ya riƙa sayen ruwa. Abin da bai kai farcen yatsa ba, me yake yi da ruwa? Kuma gaskiya ne wutar da suke ci ta fi ta wani gari?

Injiniya_Bala: Wa alaikumus salam, Malama Talatu. Wanki ne ke cinye ruwan. Faifan silikon da ake ƙera cip a kansa, mai faɗin milimita 300, yana bin matakai ɗaruruwa cikin kamar wata uku, kuma duk bayan an zana shi da haske, ko an ƙwaƙule shi da asid, ko an goge fuskarsa, sai an ɗauraye. Ƙwayar datti guda da ido ba ya gani ta isa ta haɗa layukan lantarki biyu, cip ɗin ya tashi aiki.

Don haka ruwan famfo ba ya yi. Ana fara tace shi da yashi, a bi da shi ta gawayi don cire kilorin, domin kilorin na cinye fatar matatar da ke gaba. Sai a matsa shi da ƙarfi ta wannan fatar, gishiri ya tsaya a baya. Daga nan a zuƙe iskar da ta narke a ciki, a haska shi da fitilar UV, a wuce da shi ta wasu ƙwayoyin roba masu kama ragowar sinadarai. Alamar ya kai ita ce ya kusan daina ɗaukar lantarki, ma'aunin yadda yake hana lantarki wucewa ya nuna 18.2. Wajen tacewar nan kaɗai ana asara: lita 1,400 zuwa 1,600 ke ba da lita 1,000. Ba a ma barinsa ya kwanta a bututu, kullum zagayawa yake, in ya tsaya ƙwayoyin cuta su samu wurin zama.

A 2019 TSMC na shan wajen tan 150,000 a rana. Da damina ta ƙi a 2020, babu guguwar teku ko ɗaya da ta sauka tsibirin ta cika madatsun ruwa, sai gwamnati ta tsayar da ban ruwa a gonaki kimanin hekta 74,000, ta biya manoma diyya.

Hajiya_Rabi: Injiniya, ka bar mini maganar wutar. Injin EUV na kamfanin ASML, wanda ke harbin ɗigon kuza 50,000 a daƙiƙa da leza don samar da hasken zane, shi kaɗai yana jan kusan megawat ɗaya. Ga na'urorin sanyaya ɗaki da tace iska da ba a kashewa dare da rana. Amma abin tsoro ɗaukewar wutar ne, ko ta ƙiftawar ido: tanda ta huce, famfon zuƙe iska ya tsaya, fayafayan da ke ciki su lalace. A Fabrairun 2021 sanyi ya durƙusar da wutar Tekzas, masana'antar Samsung ta Ostin ta shafe fiye da wata kafin ta dawo daidai.

Talatu_K: To ruwan da aka yi wankin da shi fa, ina ake kai shi?

Injiniya_Bala: Ba a gwamutsa shi. Kowane iri da bututunsa, shi ya sa ake iya sake amfani da mai yawa. Ɗaurayar ƙarshe kusan tsaf take, sai a mayar da ita matata ko hasumiyar sanyaya, inda da yawa ke tafiya a tururi. Mai asid ɗin fulorin kuwa ana zuba masa kalsiyam ya daskare ya zama laka a kwashe. Hajiya ce ta san na iska.

Hajiya_Rabi: Iskar NF3 da SF6 da ake share injuna da ƙwaƙule faifai da su. Kilo ɗaya na SF6 yana ɗumama duniya fiye da tan 20 na hayaƙin kabon, don haka ake ƙone su a bakin bututu, a wanke hayaƙin da ruwa kafin ya fita. Wannan ruwan ma sai ya koma layin kalsiyam.