Gudun kilomita 21: zafi ya shigo, bugun zuciya ya ƙi sauka

Salam, masu gudun dogon zango. Ina shirin gudun kilomita 21, burina in gama ƙasa da awa biyu, wato minti 5 da daƙiƙa 40 a kowace kilomita.

Lokacin sanyi ina riƙe wannan saurin har kilomita 16, bugun zuciya bai wuce 150 a minti. Da zafi ya kankama sai lissafi ya rikice. Daga kilomita 8 bugun yake haurawa 172 ba tare da na ƙara sauri ba, a kilomita 12 kuma sha-raɓar dama ta ɗaure tamau, dole in tsaya in dafa bango.

Na koma fita kafin rana ta fito. Ina shan rabin lita duk awa, da ɗan gishiri a ciki, amma in na hau sikeli bayan gudu kilo ɗaya da rabi ya tafi. Na rage sauri da daƙiƙa 20 a kilomita, ɗaurewar ta matsa zuwa kilomita 14 kawai. An ce jiki kan saba da zafi cikin mako biyu, ni ga na huɗu nan.

Saura mako tara ranar gudun ta zo. In bar agogo in bi bugun zuciya har zafin ya lafa, ko yin hakan zai kashe min saurin da na tara?