Wane irin fari zan saya na rigar dina?

Amaryar Gobe:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Bikina saura wata biyu, zan shiga Kantin Kwari sayen leshin rigar dina, ashe fari kala-kala ne. Ni wankan tarwaɗa ce, ango kuma farar shadda zai sa. Fari tas zan ɗauka ko ruwan madara?

Anti Mai Ɗinki:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri. Fara da shaddar ango. In shaddar tana da farin nan mai ɗaukar ido, kika tsaya kusa da shi da ruwan madara, rigarki za ta fito kamar ta sha jiki. Ki karɓi ƙyallen shaddar ki tafi da shi kasuwa.

Kada ki yanke hukunci a cikin shago, farin ƙwan lantarki yana ɓoye ɗorawar da ke jikin yadi. A fito miki da shi bakin ƙofa, ki kara a wuyanki cikin hasken rana. Wankan tarwaɗa na ɗaukar duka biyun, amma in gwal za ki sa, ruwan madara ya fi zama da shi. Fari tas da duwatsun azurfa yake tafiya.

Shafi kuma shi ne rabin launin. Leshi mai huda-huda launin abin da ke ƙarƙashinsa yake nunawa, don haka ki ɗora shi a kan shafin kafin ki biya. Yadi 5 na isar doguwar riga, mai jela sai 7. Ki saye shi duka rana ɗaya daga bandir ɗaya, har da net ɗin mayafi, domin wanda za a kawo daga baya da wuya farinsu ya zo ɗaya.

Mai Hoto:
Hajiya, ki ɗauki hoton leshin a waya da filasha. Wani farin ana sa masa sinadarin ƙara haske, a hoto sai ya koma shuɗi-shuɗi, aikin leshin ya ɓace. Ruwan madara ya fi fitar da zanen.

Maman Biyu:
'Yata, ki kula da ƙamshi. Humra mai ce, tana barin tabo, hayaƙin turaren wuta kuma yana dafar da fari. Ki turara jiki da kayan ciki, ki bar rigar. Kada a sa mata bilic, ɗorawa take komawa. In bikin ya faɗo a hunturu, ta zauna cikin jakarta har lokacin sawa, ƙurar Kano a jela take fara nunawa.