Ta yaya zan riƙa duba kuɗina a waya da kaina?

Malama Mai Ritaya, Ƙofar Gayan:

Assalamu alaikum. Ina gaida kowa, manya da yara. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, dare uku na yi ina haɗa shi da yatsa ɗaya bayan sallar isha'i.

Shekarata 67. Na koyar a firamare shekara 35 a nan cikin birnin Zariya, kuma tun da na ajiye alli nake sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a gida. Yanzu akwai mata biyu da ke yi mini suya da matsa, ni nawa awo ne da lissafi. Lissafin nan kuwa ban taɓa neman wani ya taya ni ba sai da aka yi canjin kuɗi. Kun tuna farkon 2023, da takardun 200 da 500 da 1,000 suka yi ɓatan dabo, mutum da kuɗinsa a banki amma gishirin miya ya gagare shi. Tun lokacin masu sayen mai suka koma "Hajiya, kawo lambar akawun." Takardun sun dawo hannu, amma mutane sun riga sun saba. Yau mutum goma za su yi sallama, da ƙyar uku su miƙo tsabar kuɗi.

Ɗana da ke Kaduna ya saya mini babbar waya, irin ta shafawa, ya sa mini manhajar banki a ciki. Jikana da ke hannuna, ɗan shekara 17, shi ne mai duba alat. Yaron kirki ne, Allah ya yi masa albarka, bai taɓa cin mini ko kwabo ba. Amma in na ce ya nuna mini yadda ake yi, sai ya ce "kawo, Hajiya," yatsansa ya yi ta tsalle a kan gilashin kamar fara a kasko, kafin in gyara zaman tabarau ya miƙo mini ya ce sun shigo. Shekara biyu ke nan ban ga ta inda yake bi ba.

Makon jiya, ranar Laraba bayan la'asar, yana Islamiyya, wani saurayi ya yi sallama a zaure. Ya gaishe ni har ƙasa, ya ce matarsa ce ta haihu, ana neman mai na suna. Na auna masa na naira dubu goma sha takwas. Ya danna wayarsa ya juyo mini da ita: ga sunana, ga adadin kuɗin, ga koren maki kamar wanda nake yi wa yara a littafi. Wayata ba ta yi ƙara ba, ya ce sabis ne, zai shigo. Na yi wa jaririn addu'a, ya ɗora jarkar a mashin ya tafi. Har yau kuɗin ba su shigo ba. Na hau keke napep na je banki a PZ, yarinyar ta buga mini takarda, muka bi layi-layi, babu.

Asarar ta yi mini ciwo, amma abin da ya hana ni barci shi ne wayar tana hannuna a lokacin, amsar tana cikinta, ni da na koya wa yara jadawalin sau ban san inda zan taɓa ba. Yaron kuma ya rubuta JAMB, in Allah ya ba shi makaranta tafiya zai yi.

To ga abin da nake tambaya. Ta ina zan bi in ga kuɗin da ke asusuna da idona kafin in saki kaya? Ana iya ƙara wa rubutun girma? Sannan wayar ba ta jin yatsana wani lokaci, sai na shafa sau uku. Na ƙarshe shi ne ya fi yi mini nauyi: lambar sirrina jikana ne ya zaɓa, shi ya san ta. Ina so in canza ta, amma ba na so yaron ya ga kamar zarginsa nake.

Mai POS, Tudun Wada:

Wa alaikumus salam Mama. Allah ya mayar da alheri. Wannan abin kullum muna fama da shi a rumfa. Hoton da ya nuna miki ba shaida ba ne, akwai masu haɗa rasit na ƙarya da sunan mutum da komai. Har saƙon tes ana iya turo na bogi ya zo kamar daga banki. Ke da kike sana'ar gyaɗa kin fi ni sanin ba girin-girin ba, ta yi mai. Shaida ɗaya ce, balas ɗinki ya ƙaru.

Shawarata ki ajiye manhajar nan tukuna, ki fara da lambar da ake dannawa kamar za a kira mutum, mai farawa da tauraro ta ƙare da alamar tsani. Kowane banki da tasa, ki je ki ce su rubuta miki ta duba balas a takarda, kuma ki gwada a gabansu kafin ki tashi daga kujerar. Ba ta buƙatar data, ko a ƙaramar waya tana yi, in dai layin da kika buɗe asusun da shi ne a ciki. Ana cirar kusan naira bakwai duk shiga. Da safe ki duba ki rubuta a littafi. Wanda ya ce ya turo, ki sake dubawa ki tara. In bai hau ba, ki ce ya zauna a zaure ya jira, ko ya dawo anjima. Gaskiya ne wani lokaci sabis yana jinkiri, amma mai gaskiya ba ya jin haushin jira. Ni ko limamin unguwarmu ne sai na gani nake ƙirga masa.

Kuma Mama, duk wanda ya kira ya ce daga banki yake, za a rufe asusunki sai kin faɗi lambar katin ATM ko lambar sirri ko lambobin da aka turo miki yanzu-yanzu, kashe wayar kawai. Ko ya karanto miki sunanki da ranar haihuwarki. Banki ba ya tambayar waɗannan ta waya.

Tsohon Ma'aikacin Jirgin Ƙasa, Sabon Gari:

Malama, sannu da ƙoƙari. Na girme ki da shekara shida, kuma inda kike tsaye nan na tsaya.

Mu da muka yi zamanin da in za ka yi magana da ɗan'uwa a Legas sai ka je ofishin NITEL ka bi layi, in kuwa saƙo na gaggawa ne ka buga talgiram a gidan waya kana ƙirga kalmomi don kada kuɗi su yi yawa. Da wayar salula ta zo a 2001 ban sha wahala ba, don madannai ne, kana jin su a ƙarƙashin yatsa, ko a duhu na san inda biyar take saboda ɗan ƙurjin da ke kanta. Wannan ta gilashi ita ce ta ba ni kashi. Wata shida tana cikin aljihun babbar riga, amsa kira kawai nake yi, shi ma rabi ina katsewa.

Abin da ya fisshe ni littafi ne mai shafi 40, irin na 'yan makarantarki. Na kira ƙaramar 'yata na ce mata sharaɗi biyu. Na farko, hannunta a bayanta, wayar a hannuna, da baki za ta yi magana. Na biyu, abu ɗaya a mako. Makon farko duba kati kawai muka yi, *310#, wanda yanzu duk layuka lamba ɗaya ce. Mako na biyu sa kati, *311#. Duk matakin da ta faɗa sai na rubuta da kalmomina, in zana alamar a gefe: wannan mai kama da ambulan, wannan mai kama da haƙoran inji. Washegari in yi ni kaɗai ina duba littafin, har ranar da na ga na yi ban buɗe shi ba. Ta sha yunƙurin fizge wayar, in ce mata a tasha ba a koya wa mutum juya layin dogo da kallo.

Batun yatsa kuwa, ba laifinki ba ne. Gilashin nan ba ya son busasshen hannu, ba ya son jiƙaƙƙe, ba ya son maiƙo. Da hunturu in fata ta bushe ta tsage, ni ma sai ya ƙi ni. Ke kuma ga mai. Ki ajiye tsumma mai tsabta kusa da inda kike awo. Kuma taɓawa ake yi a ɗaga, ba dannewa ba. Mun saba da madannai, muna danne shi da ƙarfi, shi kuwa in an daɗe a kansa wani abu daban yake buɗewa.

Ni layin bankina yana cikin ƙaramar waya a gida, babbar ta WhatsApp ce da sauraron karatu. In kina samun saƙonnin talla barkatai, tura STOP zuwa 2442.

Abban Yara, Gyallesu:

Hajiya, ni dai a ganina kin yi mai wuyar, lokacin hutu ne. Wayoyin nan mu ma da muke matasa ana damfararmu. Kuskuren lamba ɗaya sai kuɗi su tafi wani wuri. Ki sa ɗanki ya karɓi harkar asusun gaba ɗaya, alat ya riƙa zuwa wayarsa a Kaduna, in an turo ki kira shi ya tabbatar. Haka muka yi wa mahaifiyarmu, hankalin kowa ya kwanta.

Ɗalibar Kongo:

Gwaggo, ina wuni. Na karanta rubutunki sai kunya ta kama ni, don abin da jikanki yake yi shi nake yi wa kakata. Wallahi ba raini ba ne. Mu ba mu san yadda muka iya ba, hannu ne kawai ya saba, in aka ce mu faɗa da baki sai mu rasa ta inda za mu fara. Ga kuma tsoron kada a danna wani abu kuɗi su fita a ce mu ne.

Girman rubutu: ki nemi alamar nan mai haƙora da Baba na Sabon Gari ya faɗa, an rubuta Settings a ƙasanta. Ki shiga, ki nemi Display, sannan Font size, ki ja ɗan ɗigon zuwa dama har sai ya yi miki. Sunayen suna ɗan bambanta daga waya zuwa waya, amma kusan nan ne. WhatsApp ma yana da nasa a cikin Chats. Kuma akwai allon rubutu na Gboard da ake sa masa Hausa, ya ba ki ƙ da ɗ da ɓ, na san malama ba za ta so rubuta "kofa" a maimakon "ƙofa" ba.

Lambar sirri kuwa, kada ki canza a ɓoye, nan ne zai ji ciwo in ya gano. Ki ce masa tunda tafiya zai yi, ya koya miki yadda ake canzawa, in an zo wurin sa sabuwar ya juya baya. Ni da kakata ta ce mini haka daɗi zan ji, don riƙe sirrin kuɗin babba nauyi ne. Kada dai ki sa shekarar haihuwarki ko 1234, kuma kada ki rubuta ta a littafin da kike rubuta matakai.

Malama Mai Ritaya, Ƙofar Gayan:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri, ya yi wa zuri'a albarka.

Abban Yara, na san don tausayi ka faɗa, kuma Allah ya ƙara wa mahaifiyarku lafiya. Amma ni ba zan iya ba. Ɗana yana wurin aiki, ba zan tsayar da mai sayen kwalba ɗaya a zaure ina ta kiran Kaduna ba. Sannan akwai abin da nake yi da kuɗin nan wanda tsakanina da Allah ne: wata maƙwabciya da mijinta ya rasu, wata tsohuwar ɗalibata da ke jinya. In komai sai ya bi ta wayar ɗana, to sai na riƙa bayani ke nan, su kuma asirinsu ya tonu. Kuɗin da na tsaya a kan ƙafata na nema, ina so in san shigarsu da fitarsu muddin ido yana gani.

Alhaji na Sabon Gari, na sayi littafin. Jiya na zaunar da yaron na ce hannu a baya. Ya yi dariya, ya ce yau Hajiya ta dawo aji. Sau biyu hannun yana zuwa ina mayar da shi. Rubutu ya ƙara girma, har ina karanta saƙo ba tabarau. Da na yi masa maganar lambar sirri yadda 'yata ta Kongo ta ce, sai ya ce dama ya daɗe yana so ya faɗa mini, yana jin nauyi. Ya fita tsakar gida na sa sabuwa.

Yau da safe na koma banki aka rubuta mini lambar duba balas, na gwada a gaban yarinyar sau biyu. Da azahar wata mata ta sayi ƙuli-ƙuli na dubu biyu ta ce ta turo. Na ce ta zauna a tabarma, na goge hannu, na buɗe littafi, na danna. Na fi minti biyar, sau ɗaya ma abin ya katse don na daɗe ina neman lamba, na sake daga farko. Dubu biyun sun hau kan abin da na rubuta da safe daidai.

Ɗana mai POS, saura turawa. Mai kawo mini gyaɗa daga Giwa zai zo ranar Asabar, kuma shi ma yanzu tiransifa yake so. Lambar akawun ɗinsa guda goma ce, na ƙirga. In na shigar da ita, sunansa zai fito in gani kafin kuɗin su tafi, ko sai bayan sun tafi?