Faifan Kawu da Kaset ɗin Samaru

Kawu Mai Garmaho, Kano:

Salamu alaikum. Ana gyaran ɗakin ajiya aka fito min da faifan Brothers in Arms na Dire Straits, ƙungiyar mawaƙan Birtaniya ta mai jita Mark Knopfler, wanda na saya ina karatu a Ingila a 1985, shekarar da ya fito. Amsa-amon “ya” ne, kowa ya ɗora.

Da sunan Allah zan fara,
Ku matso kusa, manya da yara,
Akwatina na kakkaɓe ƙura,
Na iske cikin abin da na tara,
Faifai baƙi mai walƙiya.

Kwalin shuɗi ne da gajimare,
Jitar ƙarfe a sama a tokare,
Alawus ɗina ranar ya ƙare,
Na kwan da yunwa cikin dare,
Ban yi nadama ba ko ɗaya.

Knopfler haihuwar Glasgow ne,
Girman yankin Newcastle ne,
Da can ɗan jarida ne, malami ne,
Bahago ne, amma fa ku gane,
Da dama yake kaɗa tsarkiya.

Fiye da miliyan 30 aka kwasa,
Daga Landan har ƙasa-ƙasa,
Mako 9 a Amurka yana bisa,
Guda a ciki hannuna ya isa,
Na kawo shi Kano ta Dabo lafiya.

Bazazzagi, Zariya:

Ranka ya daɗe Kawu. Bakano dai ba ya rasa abin kuri. Ga tawa.

Kawu sannu da kurin faifai,
Mu nan kaset muka sani kawai,
Kwafi ne, ba hoto a kai sai
Rubutun biro, shi ma da ƙyar dai,
A Samaru muka je muka saya.

Waƙoƙin naka a datse suke,
Gefen faifai ya hana su miƙe,
Kaset da CD su ne a cike,
Mu 'yan kwafi mun ji mun wartsake,
Ka biya fam an yi ma ƙwauro, gaskiya.

Batir ya yi sanyi, mu kai shi rana,
Zare ya tsinke, jan farcen Inna,
Mu sa biro mu naɗe, mu zauna,
Walk of Life ta tashi, ɗaki ya ɗau murna,
Har mai gadi na takawa daga baya.

Ba sharri na yi maka ba, Kawu. Na kaset da CD wajen minti 55 ne, na faifai wajen 47. Duba Why Worry kaɗai: a wurinmu ta haura minti 8, a wurinka 5 ne da 'yan kai.

Gwaggon Yara, Kano:

Ni ban iya ƙwar biyar ba, da bibbiyu zan zo. Yaya, ka yi haƙuri.

Yaya ka faɗi saye, ka ɓoye riƙo,
Wa ya hana mu kusantar wurin ko da tsintsiya?

Allura in ta yi tsalle a kan layi,
Sai ka tara gidan, kowa ya sha tambaya.

Ni waƙar ƙarshe ce ta kama ni,
Ban jin Turanci sannan, ta dai taɓa zuciya.

Daga baya na ji lokacin yaƙin Falklands aka tsara ta,
1982, Ajantina da Birtaniya.

Soja ne ke magana a bakin ajalinsa,
Jitar na ba shi amsa, ba hayaniya.

Baba kan ce a kashe kiɗan Nasaran nan,
In wannan ce kuwa sai ya ce, “A dai rage murya.”

Ɗan Agadas, Nijar:

Ina gaida iyayena. Ba a haife ni ba lokacin da kuke wannan ciniki, amma ina da ta cewa.

Kawu ya saya, Yaya ya kwafa,
Mu a Agadas da shi muka kafa,
Samari a zaune, shayi ake dafa,
Jita guda na yawo ƙafa-ƙafa,
Kunne ke koyarwa, yatsu na biya.

Ba ya kama 'yar robar kiɗi,
Fatar yatsa ce ke fidda daɗi,
Kamar mai gurmi, in zan faɗi,
Sauti siriri, fili mai faɗi,
Irin na mai doguwar hanya.

Bombino, mai jitar nan namu, shi ne shaida,
Tawayen 1990 ya raba shi da gida,
Bidiyon Knopfler da Hendrix ya bida,
Ya kalla, ya maimaita, ya gwada,
A Aljeriya da Libiya.

Don haka Kawu, ka riƙe kwalin,
Yaya ya riƙe lissafin mintin,
In ana neman mai kayan na ainihin,
A zo bikin aure a unguwarmu a ji kiɗin,
A ga wa ya gaji tsarkiya.

Kawu Mai Garmaho, Kano:

Ɗan Agadas, Allah ya yi maka albarka, kai ba ni da faɗa da kai. Bazazzagi nake nema.

Bazazzagi, ina naka a yau?
Zafin mota ya lanƙwasa shi, ba kyau,
Rikoda ta haɗiye zaren ta ɗau,
Nawa ga shi nan baƙi wuluk, garau,
Minti 8 ɗinka sun bi iska tun jiya.

A Montserrat ta Karibiyan aka ɗauki sautin,
Ɗakin rikodin na George Martin, can a tsibirin,
Mawaƙi Sting na hutu ya leƙo cikin,
Ya sa murya a Money for Nothing,
Ba shiri, sai dacen tafiya.

1989 guguwar Hugo ta sauka,
Aka rufe ɗakin, ba a sake ɗauka,
1995 dutse ya fara aman toka,
Plymouth, babban birnin, ya nutse duka,
Ɗakin kango ne, nawa ko yana ajiya.

Kuma ka sani, shi ne kundin farko da aka sayar da CD ɗinsa miliyan 1. Mutane na ta rububin sabon yayi, ni na tsaya kan baƙin faifaina. Wannan ake kira sanin darajar kaya, abin da ba a koyarwa a Samaru.

Bazazzagi, Zariya:

To madalla da mai sanin daraja.

Kawu, shi mai jitar ya sayar da nasa,
2024 a Landan aka yi gwanjonsa,
Jita da amfilifaya sun haura 100, an kwasa,
Fam miliyan 8 da ɗoriya kuɗinsa,
Bakano ya ƙi ciniki? Sa suna in taya.

Gwaggon Yara, Kano:

Kar ka taya, ɗana, tsaya ka sha labari,
Allurar garmahon ta karye, an rasa inda za a saya.

A waya yake saurare kullum bayan lisha,
Mai tsawon nan taku yake kunnawa, ba kunya.

Jiya ma Why Worry ta kai minti 8 tana yi,
Yana lumshe ido, bai ce an ƙara mata komai ba, Yaya.

Bazazzagi, Zariya:

Allahu Akbar! Gwaggo, Allah ya ja da ranki. Na ajiye alƙalami, kin gama min aiki.

Kawu Mai Garmaho, Kano:

Ke kuma, asirin gida a bainar jama'a? Za ki zo karɓar goron Juma'a ki same ni.

Ɗan Agadas, in ka ga allura ko a Yamai ne,
Ba direba ya kawo, ko nawa ne zan biya.

Bazazzagi kuwa ko kwalin ba zai taɓa ba,
Ya tsaya daga zaure ya ƙirga mintin, in ya iya.